Na Kai Agogon Inna Kano

Shekarar da aka canja hannun tuƙi a ƙasar nan, motoci suka bar hagu suka koma dama, a shekarar ne mahaifina ya ɗauki shanu a roka zuwa kudu bai dawo ba. Ina goye a lokacin. Roka ita ce babbar motar nan mai dogon hanci da bodin katako, wadda yaran yanzu sai dai su ji a bakin tsofaffi. Ba a kawo gawa ba. Wakilin mai motar ne ya zo gidanmu a Ngojin, ya ce motar ta faɗa rami a bayan Jos ta kama da wuta, mutanen ƙauyen wurin sun yi wa mahaifina sutura. Ya miƙa wa mahaifiyata wani agogo, ya ce shi kaɗai aka iya cirowa daga gaban motar. A kan wannan agogon Inna ta yi takaba. Da ta fita ta yi aure a Yindiski, ta haifi ƙannena mata biyu, mijin ya rasu, ta dawo wurina. Duk inda ta je, da agogon take tafiya.

Faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara da yawa ba, amma yana da nauyi a hannu. Ba shi da makulli, ba shi da batir. Bakinsa ake kamawa a murɗa kamar murfin kwalba, sai ya yi mako guda yana tafiya. Kowace Juma'a Inna take murɗa shi. Da ƙararsa na yi wayo. Saboda shi ne ma ban zama direba ba. A garinmu Potiskum, inda kowane yaro yake mafarkin riƙe sitiyari, ni ɗinkin tamfol na tireloli aka kai ni, kuma shi nake yi har yau.

Kwanan baya, a bikin 'yata, wani tsohon direba da ya san mahaifina ya shiga gaida Inna. Ta ɗauko agogon ta nuna masa. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Hajiya, roka kam ba ta zuwa da irin wannan." Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa ai a zamanin an yi ta faɗi a tasha, wai an ga mai kama da mahaifina a Chadi. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, tsufa ne ya kwance masa baki.

Daga ranar Inna ta rage cin abinci. Da baƙi suka watse ta kira ni.

"Yaro," haka take kirana har yau da furfurata, don ni ne ɗan fari, "ka ce yanzu kana karatu. Ɗauki abin nan ka kai Kano wurin masu sani. Su gaya maka daga ina ya fito, shekarunsa nawa, kuma wuta ta taɓa shi ko ba ta taɓa shi ba."

Na ce, "Inna, bayan shekara hamsin, me za a yi da wannan?"

Ta ce, "Idan da ransa na yi aure, to aure kan aure na yi. Me zan ce wa Ubangijina? Me zan ce wa ƙannenka?"

Wakilin da ya kawo agogon ya daɗe da rasuwa, mai motar ma haka. Babu wanda ya rage a tambaya sai agogon kansa. Wannan shi ne dalilin tafiyar da zan ba ku labari, ku 'yan ajinmu na makarantar manya da sauran masu bibiyar ɗan rubutun da nake yi.

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da taubashina, ɗan ƙanin Inna, wanda yake tuƙa tirela kuma ya san Kano kamar tafin hannunsa. Inna ta naɗe agogon a cikin kallabinta, na sa shi a aljihun gaba, ina jin bugunsa a haƙarƙarina. A tasha muka samu ƙaramar mota ta haya, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ga buhunan wake a but har murfin bai rufu ba. Kuɗin mota kuwa ba a magana. Tun da aka cire tallafin mai, abin da a da zai kai mutum Kano ya dawo da shi, yanzu da ƙyar ya kai shi. Da muka fito gari, tireloli ne jere hagu da dama, direbobi suna alwala a gindin taya. Na gane tamfol biyu da na ɗinka da hannuna, ɗaya ma mai shi bai kula da shi ba, ya bar igiya tana cin gefensa.

Kaka ce, an yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai. Hanya tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ruwan damina ya ci gefenta, sai motoci su haɗu a hannu ɗaya kowa yana danna ham. Na sha bin wannan hanya, amma wannan ne karo na farko da na bi ta ina iya karatu. Sai na ga ashe duk hanya magana take yi. Matsalar ita ce ni a hankali nake haɗa baƙi, direban kuma ba a hankali yake tafiya ba. Kafin in gama sunan gari mun shiga na gaba. Taubashina ya samu abin yi. Da ya hango allo sai ya taɓa ni ya ce, "Shehin malami, yi sauri, gari zai tsere maka." Na ce masa shi da ya yi firamare ai lambar mota kawai yake karantawa. Bayan manyan motoci ne suka fi yi mini daɗi, don su a hankali suke tafiya. Shekara talatin ina rufe su da tamfol ban san abin da aka rubuta a wutsiyarsu ba.

Kafin Azare muka iso shingen bincike. Jami'in ya leƙo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kan aljihuna da ya yi tudu. Ya ce in fito da abin da ke ciki. Na fito da ƙarfe a naɗe cikin tsumma, yana ƙas, ƙas, ƙas. Matar da ke bayana ta rungume ɗanta ta fara salati. Jami'in ya ja da baya, ya ce in sauka in kwance shi da kaina, can nesa da mota. Ban ji haushinsa ba. Duk wanda ya zauna a Potiskum a shekarun da muka sha wuya ya san abin da ya sa. Na tsuguna a bakin kwalta na warware kallabin a hankali. Da ya ga agogo ne sai ya sauke numfashi, ya ce, "Baba, ka sayi na hannu mana, ka huta ka hutar da mu." Aka yi dariya, amma matar nan har muka isa Azare ba ta saki ɗanta ba.

A Azare muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan yanzu ya koma kamar goro ɗan ƙarami, sai ka ci biyar kafin haƙori ya san an yi baƙo. A Jama'are kogi yana cike, yara mata suna bin motoci da soyayyen kifi a faranti, na saya mana biyu, yaji ya fi kifin yawa. Muka wuce Kiyawa da Shuwarin ina gyangyaɗi. A Wudil aka tsaya shan mai, masu rake suka kewaye mu, taubashina ya sayi sanda guda ya yi ta tsotsa yana zuba ɓawon a hularsa don kada direba ya yi faɗa.

Kano ta ƙara girma tun rabona da ita. Gada a sama, gada a ƙasa, a daidaita sahu kamar fara. Muka fara da masu gyaran agogo na Sabon Gari, waɗanda ke zaune bayan ƙananan akwatunan gilashi. Samari ne masu fara'a. Na farko ya juya agogon ya ce, "Baba, ina wurin batir?" Na biyu ya ce in sayar masa ya yi ado da shi. Na uku ya ce gaskiya wannan ya girmi iliminsu.

Daga nan taubashina ya ja ni Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, wurin wani dattijo da suke hulɗa. Da ya ji harshenmu sai ya ce, "Mutanen Potiskum! Ku da mota kamar Bafulatani da saniya. Me kuka kashe kuma?" Muka gaya masa. Ya tashi ya ce mu biyo shi. A bayan shagonsa, cikin tulin ƙarafa, akwai kan wata roka a ajiye a ƙasa, babu taya, babu gilashi, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujera. Ya ce in shiga in duba da idona.

Na shiga na zauna. Ban taɓa zama a cikin roka ba sai ranar. Kujerar ta fi yadda nake zato tsawo, sitiyarin kuma faɗi gare shi kamar faifai. Na duba gaban motar. Ga ramin ma'aunin gudu, ga na mai, ga na zafin inji. Na ɗora agogon a kan kowanne, babu inda ya zauna. Tsohon direban nan gaskiya ya faɗa. Na daɗe a ciki hannuna a kan sitiyari, su biyun suka ba ni baya suna hirar farashin taya, na san don ni suka yi.

Da na fito dattijon ya ce kada in karaya. Ya ce direbobin da suna yi wa mota ado kamar amarya, wani ya liƙa madubi, wani furen roba, wani ya sayi tsohon agogo ya kafa. Don roka ba ta zo da shi ba, ba shi ne ya nuna bai hau roka ba. Ya kwatanta mana gidan wani tsohon mai gyaran agogo a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, wanda ya daina fita kasuwa amma bai daina aiki ba. Muka kwana a masaukin direbobi, muka ci gurasa da ƙuli, na kwanta agogon yana bugawa kusa da kunnena.

Da hantsi muka same shi a zaure. Tsoho ne siriri, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ga ƙananan kayan aiki jere kamar na wanzami. Bayan gaisuwa na miƙa masa. Bai duba ba tukuna, kunne ya kai masa ya rufe ido. Sannan ya maƙala wani ɗan gilashi a idonsa na dama.

"Ɗana, wannan ya girmi babanka," in ji shi.

Ya yi mini bayani a hankali, yana nuna kowane abu da tsinke. Irin wannan da ake murɗa bakinsa, ya ce, na ƙananan motocin Turawa ne, tun kafin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Daga baya aka koma yin masu jan wuta daga batirin mota, aka bar yin irinsa. Farin abin da ke kan hannayensa a da yana haske cikin duhu, don mai tuƙi ya ga lokaci, yanzu ya mutu ya zama ruwan ƙasa. Idan motocin suka mutu, sai a ciro agogunan a sayar a Kano da Jos. Maigidansa da ya koya masa aiki ya gyara irinsu da yawa.

Sai ya nuna mini ramuka uku a gefen agogon, waɗanda na sani tun ina yaro amma ban taɓa tambayar kaina ba. Ya ce ba maƙeran agogon suka huda su ba, da ƙusa aka huda, a nan ƙasar. A bakin ramukan akwai ɓurɓushin koren fenti, irin wanda masu haɗa bodin katako suke shafawa. Wato ya hau babbar mota, wannan babu shakka. Na ji sanyi a raina. Amma bai gama ba. Ya ce in duba ramukan da kyau, babu wanda ya yage, babu wanda ya karkace. Da hatsari ne ya fizge shi, da sun nuna. Wannan da sukudireba aka kwance shi, a natse.

Taubashina ya ce ai ana iya kwancewa bayan hatsarin. Tsohon ya ce haka ne, shi ya sa sai an duba ciki, don ƙarfen da ya sha wuta ba ya mantawa.

Ya sa wata 'yar wuƙa ya ɓalle murfin baya. Cikin baƙi ƙirin, ko'ina ya daskare, 'yan ƙafafun agogon masu haƙora suna juyawa a cikin baƙin kamar jaki a taɓo. Wallahi na yi murna. Na ce, "Alhamdu lillahi, hayaƙi ne!" Ku duba fa, mutum yana murna don ya ga shaidar mahaifinsa ya ƙone. Amma abin da na zo nema wa Inna ke nan.

Tsohon ya kai hancinsa ya sansana. Ya sake sansanawa. Ya cire gilashin idonsa ya dube ni.

"Agogo kuka ajiye a gidanku, ko ƙuli-ƙuli kuke toyawa?"

Sai na tuna. Kowace sallah, ƙarama da babba, Inna takan tsoma gashin kaza a man gyaɗa ta zagaya bakin agogon da shi, yadda take yi wa keken ɗinki da ƙyauren ɗaki. Ita a wurinta duk abin da yake juyawa yana son mai. Man shekara hamsin ne ya gangara ciki ya haɗu da ƙura. Muka yi dariya mu uku, har tsohon yana share ido.

Da dariyar ta lafa ya ce, "To ga inda maganar take. Ƙila akwai alamar wuta a ƙarƙashin man nan, ƙila babu. Ba zan sani ba sai na wanke. Sunan ƙasar da ta ƙera shi ma yana ƙarƙashi. Amma ka ji da kyau. Ramukan da ƙafafun nan suke juyawa a ciki sun cinye, sun yi faɗi. Wannan dattin shi ya cike su, shi yake riƙe da shi. Idan na wanke, ƙila ba zai sake tashi ba, kuma masu yin kayansa sun daɗe a ƙasa. Ka zaɓa."

Na ce ba ni da wannan ikon, agogon ba nawa ba ne. Na kira matata na ce ta kai wa Inna waya. Na faɗa wa Inna yadda tsohon ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta ce, "Sa mini shi a kunne."

Na kara wayar a jikin agogon. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙas, ƙas, ƙas, da wani mai tallan ruwa can a lungu. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Da na mayar da wayar kunnena ta ce, "Ka gaida mai gyaran. Ka ce ya wanke."

Ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan farin ƙyallen. Ya zuba fetur a 'yar tasa, yana tsoma kowane yanki yana gogewa da ɗan buroshi. Fetur ɗin ya yi baƙi, ya zubar ya sake zubawa. Ina kallo baƙin yana fita, wani abu yana fitowa daga ƙarƙashi, rawaya, yana ƙyalli kamar ɗan kunnen amarya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan da ya ba ni tsoro ba. Ya ɗaga wata 'yar waya da ta fi gashi siranta, a naɗe kamar gammo, ya ce wannan ko zafin garwashi ta ji sai ta lanƙwashe. Ga ta nan lafiya lau. Babu ja, babu toka, babu tabo. Wuta ba ta taɓa agogon nan ba, ko daga nesa.

Ya miƙo mini gilashin idonsa ya ce tun da an ce ina karatu, in karanta da kaina. Na maƙala, na sunkuya. Ƙananan baƙaƙe ne a jikin tagullar, na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda malaminmu ya koya mana, babu motar da za ta tsere da su. Ƙasar Suwizalan. A ƙarƙashi ga lamba mai tsawo, ga kuma takwas, wato kwanakin da yake yi kafin a sake murɗawa. A cikin murfin akwai zane-zane uku da aka yi da bakin allura. Ya ce al'adar masu gyara ce, kowa ya taɓa agogo sai ya bar alamarsa. Ɗaya hannun Bature ne, biyu na mutanenmu. Babu suna, babu gari.

Ya mayar da komai wurinsa, ya ɗiga masa man agogo na gaskiya da bakin allura, ya murɗa. Ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya. Ya girgiza shi, ya ɗan tafi, ya tsaya. Ya sake kwancewa ya sake haɗawa. Har aka kira azahar yana fama. Da muka dawo daga masallaci ya naɗe shi a kallabin da kansa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ƙi karɓar komai, ya ce ba ya cin ladan agogon da ya mutu a hannunsa.

A bakin ƙofa na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, "Baba, ke nan mahaifina bai mutu a hatsarin ba?"

Ya ce, "Ɗana, agogo ba ya ganin direba. Ƙila babanka ya kwance shi ya bari a tasha kafin ya tafi, motar kuma ta ƙone da gaske. Ƙila wakilin ya ji kunyar zuwa hannu sake, ya ciro na wata motar. Ƙila kuma shi da kansa ya kwance ya ce a kai wa iyalinsa, ya yi gaba. Ni abin da ƙarfe ya faɗa na gaya maka. Sauran yana wurin Allah."

Washegari da sassafe muka kamo hanyar gida. Taubashina bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, ni ma ban karanta allo ko ɗaya ba. A Wudil na sayi rake don yara. Bayan mun wuce Jama'are ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka ce mata an ga hayaƙi. Wa zai ƙaryata ka? Ni dai ba zan buɗe baki ba." Na yi ta juya maganar har Azare. Inna yayar babansa ce, yana sonta, kuma ba mugunta ya nufa ba. Amma matar da ta yarda a kashe mata agogo don ta ji gaskiya, ban ga yadda zan karɓi agogon kuma in hana ta gaskiyar ba.

Mun shiga Potiskum bayan la'asar. Ranar kasuwar shanu ce, hanya ta cushe, muka sauka muka ƙarasa a keke mai ƙafa uku. Na tarar da Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙannena biyu suna gefe, don sun ji labarin tafiyar. Na gaishe ta, na sha ruwa, na faɗi komai a gabansu: ƙasar da aka ƙera shi, tsufansa, koren fenti, ramukan da ba su yage ba, da wutar da babu. Na faɗi ƙila ukun da tsohon ya faɗa.

Ta karɓi agogon ta warware. Ta kama bakinsa ta murɗa, ta kai kunne. Ta sake murɗawa. Sannan ta ajiye shi a kan tabarma ta tura shi gabana da yatsa.

"Tafi da shi ɗakinka. Ban san na waye ba."

Ƙaramar ƙanwata ta miƙe ta ce, "Yaya, wa ya aike ka? Da ka bar mu yadda muke." Inna ta ce, "Ni na aike shi." Amma ƙanwar tawa ta riga ta ɗauki mayafinta ta fita.

Da safe na ɗauko limamin unguwarmu. Ya zauna ya saurara, ya ce wa Inna babu laifi a kanta ko kaɗan. An kawo mata labarin mutuwa, ta yi takaba, ta yi aure a kan abin da ta sani, 'ya'yanta 'ya'yan halal ne, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da aka ɓoye masa. Ta ce, "Na ji, Malam, na gode." Da ya tashi tafiya ta ce, "Malam, saura ɗaya. Idan na idar da salla, me zan roƙa masa? Jinƙai, ko shiriya?" Liman ya ce ta roƙa masa duka biyun. Ta gyaɗa kai. Ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan, amma matata ta ce duk lokacin da ta farka takan ji Inna a zaune.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi cewa wani abin, dattin da ke jikinsa ne yake riƙe da shi, kuma mai son wankewa ya fara tambayar masu abin, dukansu. Ni Inna kaɗai na tambaya.

Ga abin da muka rasa. Ƙarar agogo a ɗakin Inna. Kabarin da ke bayan Jos, wanda ban taɓa gani ba amma kullum nake cewa wata rana zan je in nema. Sallamar ƙaramar ƙanwata, da ba ta sake tako gidana ba. Da barcin Inna. Huɗu ke nan.